Kwafin Ajiya Ya Ƙi Kammala: Gargaɗin da Muke Rufewa Ba Mu Karanta Ba

Akwai wani ɗan saƙo da kwamfuta ke fitarwa wanda masu aiki da ita suka saba gani, kuma kusan kowa abu ɗaya yake yi masa: a danna a rufe, a ci gaba da aiki. Saƙon cewa yake kwafin ajiya bai kammala ba. Wani lokaci da lamba yake zuwa, irin su 0x80070017 ko 0x8007045D a kan Windows. Wani lokacin kuma ko lambar ba za ka gani ba, sai dai layin da ke nuna tafiyar kwafin ya yi ta ja, ya zo wani wuri ya tsaya cak, 'yar fitilar faifan tana ta ƙyaftawa, linzami ya daina amsawa. Gobe a sake gwadawa, a daidai wurin nan zai ƙara cijewa. Mai kwamfutar sai ya ɗora laifin a kan manhaja, ko ya ce bairos ne, ya jingine maganar sai ranar da ya samu sukuni.

Wannan jinginewar ce ke tayar mini da hankali. Lamba ta farko a cikin biyun nan ma'anarta an karanto bayani daga faifai, aka auna shi da lambar tantancewar da ke tare da shi, suka ƙi dacewa. Ta biyun kuwa tana nufin an aika wa na'urar umarnin karatu ko rubutu ta kasa cikawa. Duka biyun na'ura suke fara nunawa da yatsa kafin manhaja. Sau da yawa wannan saƙon shi ne gargaɗi na farko da faifai mai shirin mutuwa zai ba mai shi, kuma ba dole ne ya ba da na biyu ba. Abin da ya ƙara dagula lamarin, tun ranar da saƙon ya fara fitowa kwafin ajiyar ma ya tsaya. Wato a daidai lokacin da asalin ya fara lalacewa, a lokacin aka daina samun sabon kwafinsa, mai kayan kuma yana zaune hankali kwance da zaton yana da ajiya.

Sai an san yadda faifan ke aiki kafin a gane abin da ya sa manhajar kwafi ce ke fara cin karo da ɓarnar. Faifai mai juyawa, irin wanda har yanzu ya cika kwamfutocin ofisoshi da tsofaffin laftof da akwatunan ajiya na waje, yana zagayawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda. A samansa akwai ɗan kan karatu da ke shawagi da tazarar 'yan nanomita, tazarar da ƙwayar ƙura ɗaya ta fi ta girma nesa ba kusa ba. An yanka fuskar faifan gurbi-gurbi, kowane gurbi yana ɗaukar bayit 512 a tsofaffin faifai, 4,096 a sababbi, kuma kowanne yana ɗauke da ƙarin lambobi na gyaran kuskure. Idan gurbi ya fara rauni, faifan da kansa yake gyara abin da ya karanto bai sanar da kowa ba. Ranar da raunin ya fi ƙarfin gyara, sai ya yi ta maimaita karatun, ya sake, ya kuma sake. Tsayawar da kake gani a kan allo ke nan. In ya gaza, sai ya sa gurbin a jerin masu jiran hukunci. Sai an zo rubuta sabon abu a wurin sannan zai yanke ko ya ci gaba da amfani da shi, ko ya yi watsi da shi ya ɗauko wani daga cikin guraben da masana'anta ta tanadar masa. Abin da ke cikin tsohon gurbin kuwa, in bai karantu ba, ya tafi.

To, aikin yau da kullum ɗan yanki kaɗan na faifai yake taɓawa: takardar da kake rubutawa wannan makon, da manhajojin da kake buɗewa kullum. Hotunan bikin da aka yi shekara shida da suka wuce, da babin farko na kundin digiri, da lissafin kanti na 2019, suna can kwance ba mai leƙa su. Gurbin da ke ƙarƙashinsu zai iya shekara a mace ba wanda ya sani. Manhajar kwafi, musamman in cikakken kwafi take ɗauka, ita kaɗai ke bin fayil daki-daki tana karanta komai, shi ya sa ita ke tuntuɓe. Ba ita ta jawo ɓarnar ba, gano ta ta yi.

An ma ƙirga abin. Masu bincike daga Jami'ar Wisconsin da kamfanin NetApp sun bi diddigin faifai miliyan 1.53 da ke aiki a hannun abokan cinikin kamfanin, suka wallafa a 2007 cewa kashi 3.45 cikin ɗari sun samu irin wannan mataccen gurbi na ɓoye cikin wata 32. Sun kuma lura ɓarnar ba ta cika zuwa ita kaɗai ba: faifan da ya samu ɗaya ya fi kusa da samun wani, kuma galibi a maƙwabtan na farkon. A shekarar dai injiniyoyin Google suka fitar da nasu nazarin a kan faifai sama da 100,000. Sun gano cewa faifan da ya kama kuskure na farko a binciken da yake yi wa fuskarsa, yiwuwar mutuwarsa cikin kwana 60 ta ninka ta lafiyayye sau 39. Akwai kuma wani adadi a rahoton da ya fi wannan ban tsoro: kashi 36 cikin ɗari na faifan da suka mutu ba su nuna wata alama a ma'aunan lafiyarsu ba kafin mutuwar. Don haka wanda faifansa ya yi masa gargaɗi ta hanyar hana kwafi kammala yana cikin masu rabo, in dai ya saurara.

Sauraren kuwa da tambaya ɗaya yake farawa: a ina ɓarnar take? Kwafi daga wani faifai yake tasowa ya sauka a wani, saboda haka laifin zai iya zama na inda aka taso, ko na inda za a sauka, ko na hanyar da ke tsakani, saƙon da ke kan allo kuma bai cika faɗin wanne ba ne. Hanyar ce ta fi arahar dubawa. Wayar USB da ta sha lanƙwasa, ramin da ya saki, akwatin faifan waje mai arha, duk suna haifar da kuskuren da ba za ka bambanta shi da na mataccen faifai ba. Ƙananan faifan waje daga ramin USB suke shan wuta. Tsohon rami na USB 2.0 miliamfa 500 kawai aka tsara ya bayar, na USB 3.0 kuma 900, alhali lokacin da faifai ke fara juyawa ne ya fi jan wuta. In ana jin sa yana tashi yana faɗuwa, a canza waya, a mayar da shi ramin bayan kwamfutar, a cire duk wani abin rarraba rami da aka sa a tsakani. Wani lokacin a nan maganar take ƙarewa. RAM mai matsala ita ma tana gurɓata bayani yana kan hanya, kuma MemTest86 na iya gwada ta cikin dare ɗaya.

In hanya ta fita daga zargi, sai a tambayi faifan da kansa. Kowane faifai na zamani yana riƙe da rahoton lafiyarsa a tsarin da ake kira SMART, kuma manhajar kyauta irin CrystalDiskInfo a Windows, ko smartctl a Linux, tana karanto shi cikin ƙasa da minti ɗaya. A CrystalDiskInfo launi ne zai fara yi maka magana: shuɗi lafiya, ruwan ɗorawa a yi hattara, ja kuwa abu ya ɓaci. Kada a tsaya a launin. A gangara cikin jerin a nemi layi na 5, adadin guraben da faifan ya riga ya yi watsi da su ya maye da wasu. Da na 197, masu jiran hukunci. Da na 198, waɗanda suka ƙi gyaruwa. Manhajar tana rubuta su 05 da C5 da C6, kuma adadin da ke can ƙarshen layin ta hannun dama shi ne ainihin ƙidayar. Kamfanin Backblaze na Amurka, wanda ke juya faifai sama da 200,000 kuma yake wallafa alƙaluman mutuwarsu shekara da shekaru, ya ce waɗannan ukun tare da 187 da 188 su ne ma'aunan da yake sa wa ido. Sifili ake so a gani. In ba sifili ba ne, a rubuta adadin a takarda, a sake dubawa bayan kwana biyu. Muddin ya ƙaru, faifan ya gama aiki, ko da kwamfutar tana tashi ras. In kuwa layi na 199 ne kaɗai ke hawa, wato C7, to waya ce ko mahaɗarta, faifan ba shi da laifi. A duba faifan biyu, na ciki da na ajiyar. Windows ma tana da nata littafin a Event Viewer, inda lamba 7 ke nufin mataccen gurbi, 153 an maimaita umarni, 55 kuma tsarin fayil ya rikice, tare da nuna faifan da abin ya shafa.

Wannan lamba 55 ta kawo mu ga ɓarna iri na biyu, wadda ta fi yawa a wurinmu. Faifan lafiyarsa ƙalau, jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake ne ya hargitse. Abin da ya fi jawo haka shi ne katsewar wuta ana tsakar rubutu, ko zare filashi ba a sallame shi ba. Duk wanda ke aiki da kwamfutar tebur a Kano ko Zariya ko Maraɗi ya san sau nawa take mutuwa a yini tsakanin ɗauke wuta da tayar da janareta. NTFS, tsarin da Windows ke amfani da shi, yana rubuta niyyarsa kafin ya aikata, don haka yakan farfaɗo bayan katsewa, kodayake jadawalinsa yake karewa da wannan dabara, ba abin da ke cikin fayil ɗinka ba. FAT32 da exFAT, waɗanda ke kan filashi da memori da faifan waje da yawa, ba su da ko wannan kariyar. A gefe guda, FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabayit 4, saboda haka akwai kwafin da ke ƙin kammala ba tare da komai ya lalace ba. Wannan sauƙin magani gare shi.

Inda aka fi tafka asara shi ne wurin gyara. Duk wanda ya taɓa zama a shagon gyaran kwamfuta ya ji irin wannan musayar. Mai kaya ya shigo da laftof a hammata: "Malam, don Allah ka duba mini, sakamakon ɗalibanmu na shekara uku duk yana ciki." Mai gyara ya kunna, ya ji ta yi nauyi: "Kada ka damu, Alhaji. Bari in sa mata chkdsk, in ta ƙi sai mu yi fomatin mu zuba sabon Windows." Ba mugunta ce ta sa ya faɗi haka ba, kuma a cikin masu gyaranmu akwai ƙwararru na gaske. Kuɗin da ake biyansa na tayar da kwamfuta ne. Ba wanda ya taɓa yi masa ciniki a kan ceto bayanai. Amma shawarar nan tana iya zama ajalin abin da aka zo ceta.

Dalili shi ne, chkdsk an ƙera shi ne don ya daidaita jadawali. In aka kira shi haka kawai, dubawa yake yi ya ba da rahoto, ba ya taɓa komai. In aka ƙara masa /f, sai ya shiga gyara, gyaransa kuwa shi ne duk abin da bai dace da lissafi ba ya datse shi. Fayil ɗin da ya rasa mahaɗinsa zai iya gajarce shi, guntayen da bai san mai su ba ya tara su a folda mai suna FOUND.000 da sunaye irin FILE0000.CHK, ba sunan asali, ba bayanin inda suka fito. A ƙarshe zai ce komai ya daidaita, kuma gaskiya ya faɗa, jadawalin ya daidaita. In aka ƙara masa /r kuwa, sai ya bi faifan gurbi bayan gurbi, aikin da kan ɗauki sa'o'i masu yawa, yana tilasta wa kan karatu mai rauni ya yi ta komawa kan wuraren da suka fi ciwo. A kan lafiyayyen faifai da wuta ta hargitsa wa jadawali, chkdsk magani ne mai kyau. A kan faifan da jikinsa ke lalacewa, garin neman gira ne a rasa ido. Ba kuma za ka san wanne ke gabanka ba sai ka duba SMART tukuna.

Abin da ya kamata shi ne a fara kwashe kaya, gyara ya zo daga baya. Faifan da ake zargi a daina aiki a kansa nan take. In yana ƙara ƙwas-ƙwas a jere, a kashe shi; wannan ciwon kan karatu ne, kuma kowace kunnawa tana iya kankare fuskar faifan. Irinsa sai ɗakin gwaji marar ƙura, ba a buɗe shi a kan teburin shago, ba a kuma sa shi a firji kamar yadda wasu ke ba da shawara. In yana karantuwa, a fara da abin da ba za a iya sake samu ba, a kwafe shi da hannu zuwa wani faifai daban, ƙananan takardu kafin manyan bidiyo. Bayan haka sai a ɗauki hoton faifan gaba ɗaya da manhaja irin GNU ddrescue, wadda kyauta ce kuma ana iya tayar da ita daga filashi mai Linux. Yadda take aiki ya cancanci kowane mai gyara ya sani. Ba ta tsayawa gardama da mataccen gurbi. Da ta ji wuri ya yi tauri sai ta tsallake, ta fara kwashe duk abin da ke karantuwa cikin sauƙi, wanda galibi shi ne kusan dukan faifan. Sai ta gama sannan ta dawo kan wuraren da ta bari, tana matsowa daga gefe-gefe kaɗan-kaɗan. Tana kuma rubuta taswirar inda ta kai a wani ɗan fayil, ta yadda in an ɗauke wuta a tsakiyar aiki, daga inda ta tsaya za ta ɗora. A kan wannan hoton ne, ko ma a kan kwafinsa, za a saki chkdsk ko TestDisk ko PhotoRec su yi abin da za su yi. In suka ɓata, asalin yana nan.

Wani kuskure da nake roƙon a kiyaye: kada a goge tsohon kwafin ajiya don a samar wa sabo wuri. Mutum ya ga kwafi ya ƙi, sai ya ce bari in share na da in fara daga farko. Wannan tsohon kwafin wataƙila shi ne wuri na ƙarshe a duniya da fayil ɗin yake da lafiya. Haka kuma zaɓin da wasu manhajoji ke bayarwa na tsallake matattun gurabe: yana da amfani a ranar gaggawa, amma kwafin da ya fito yana da ramuka, kuma dole a karanta rahotonsa a san waɗanne fayiloli ne abin ya shafa.

Wanda ya koma SSD kada ya ɗauka ya tsira. Ba ta da abin juyawa, tana jure faɗuwa, amma ba ta ƙara kafin ta mutu. In na'urar da ke sarrafa ta ta tsaya, jiya tana nan, yau kwamfuta ba ta ganin ta. Abin da aka goge a kanta ma wuyar dawowa gare shi, saboda umarnin TRIM da ke sa ta share guraben da aka saki. Ajiye ta a durowa shekara da shekaru kuma ba dabara ba ce: ƙa'idar ƙungiyar JEDEC ta nemi SSD ta gida da ta cinye adadin rubutun da aka ƙayyade mata ta riƙe bayani shekara ɗaya ba wuta a zafin digiri 30. Sabuwa tana wuce haka sosai, amma zafi yana rage wa'adin, kuma a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram watan Afrilu yana haura digiri 40. Sai kuma jabun filashi da suka cika kasuwa, masu cewa terabayit 1 ko 2 a farashin da ko na gigabayit 64 bai kai ba. An yi wa na'urarsu dabara ta faɗi girman ƙarya. Za ka zuba kaya su shiga, sunayen fayiloli su jeru daidai, alhali duk abin da ya wuce ainihin girman ya salwanta ko ya hau kan na baya. H2testw ko F3 suna cika filashin su karanto shi su faɗi gaskiyarsa, kuma kafin a amince masa ya kamata a yi gwajin.

Mafi yawan abin da na faɗa zuwa nan ɓarna ce mai yin magana. Akwai wadda ba ta yi. A 2007 cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Jeneba ta auna fayiloli 33,700 da lambobin tantancewarsu ta samu 22 sun canza, kusan ɗaya cikin 1,500, ba tare da wata na'ura ta yi ƙorafi ba. A 2008 masu binciken NetApp ɗin nan suka ba da rahoton irin wannan saɓani sama da 400,000 cikin wata 41. A nan manhajar kwafi za ta ce an kammala lafiya, domin abin da aka miƙa mata ta kwafa, gurɓatacce ne ko lafiyayye. Kamar rumbun da ƙwari suka cinye hatsinsa ta ciki ne: jinka lafiya, ƙofa a liƙe, sai ranar da aka zo ɗiba a tarar da gari da ƙaiƙayi. In tsarin ajiyarka yana riƙe kwafin wata ɗaya ne yana goge na baya, to bayan wata ɗaya duk kwafin da kake da shi na gurɓataccen fayil ne. Manhajojin da ke daidaita folda da intanet, irin su Google Drive da Dropbox, cikin daƙiƙoƙi suke ɗora lalataccen a kan mai kyau, tsohon kuma galibi kwana 30 suke riƙe shi a asusun kyauta. Ajiyar da ake yi bi-da-bi, cikakken kwafi ɗaya sannan ƙananan ƙari a kansa, ita kuma in tushen ya lalace duk abin da aka ɗora a kansa ya tashi a banza. Akwai kariya: a kunna zaɓin tantance kwafi bayan an gama, a riƙa ajiye lambobin SHA-256 na muhimman fayiloli, manyan ma'aikatu kuma su koma tsarin fayil irin ZFS ko Btrfs da ke auna kowane yanki da kansu. Amma duk waɗannan ba su kai gwaji ɗaya tak ba, wato a ɗauko kwafin a dawo da shi a wata kwamfuta a buɗe a gani.

Labarin kamfanin GitLab ya isa misali, kodayake ba faifai ne ya ci amanarsu ba. Ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin, cikin dare, yana ƙoƙarin gyara rumbun bayanai na biyu sai ya goge na farko bisa kuskure. Daga kimanin gigabayit 300, saura 4.5 lokacin da ya ankara. Kamfanin yana da hanyoyin ajiya har biyar. Da aka je ɗaukowa, ba wadda ta yi aiki yadda aka zata. Babbar cikinsu ta daɗe tana faɗuwa saboda manhajar kwafin ta PostgreSQL 9.2 ce, rumbun kuwa 9.6, saƙonnin imel da ke sanar da faɗuwar kuma ana mayar da su ba sa isa ga kowa. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu kimanin sa'a shida kafin aukuwar, kuma duk da haka sun rasa bayanan ayyuka kusan 5,000 da asusun sababbin masu amfani kusan 700. Su da kansu suka wallafa bayanin, suka kuma amsa cewa ba a gwada ajiyar saboda ba wanda aka ɗora wa alhakin gwadawa. Ƙwararru ne fa waɗannan, sana'arsu ke nan.

In haka ta faru da su, ina ga makarantar da sakamakon ɗalibanta ke kan kwamfuta ɗaya a ofishin jarrabawa, da ƙaramin asibiti, da shagon buga takardu, da mai tace fim ɗin da aka kashe miliyoyi wajen ɗauka, da gidan rediyon da ya mayar da tsofaffin kaset ɗinsa kan kwamfuta, da malamin da ya ɗauki hotunan littattafan ajami na gidansu shafi-shafi? A wurare irin waɗannan, in ma akwai ajiya, faifan waje ne guda ɗaya a jone da kwamfutar dare da rana, yana shan duk katsewar wutar da take sha, kuma ɓarawo ko gobara tare za su ɗauke su. A watan Maris na 2021, da gobara ta cinye ɗaya daga gine-ginen kamfanin OVHcloud a Strasbourg ta Faransa, wasu abokan cinikinsa a ranar suka gano cewa ajiyarsu ma a harabar take. Ƙa'idar da mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa har yanzu ita ce mafi ƙarancin abin yi: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Na san faifai ya yi tsada, kuɗin data ma haka. Amma takardun ofis na shekara goma ba su cika wuce 'yan gigabayit ba, kuma ƙaramin UPS da faifai na biyu da za a riƙa kaiwa gida kowace Juma'a ba su kai kuɗin sake rubuta rajistar ɗalibai dubu da hannu ba, in ma akwai inda za a kwafo ta.

Kirana ga shugabannin makarantu da asibitoci da ma'aikatu da kamfanonin fim shi ne, ku daina karɓar "akwai ajiya, ranka ya daɗe" a matsayin amsa. Ku ɗora alhakin a kan mutum ɗaya da sunansa. Kafin watan nan ya ƙare, ku zaɓi fayil uku da kanku, ɗaya na jiya, ɗaya na bara, ɗaya na shekara biyar da suka wuce, ku sa ya dawo da su daga ajiyar a kan wata kwamfuta, a gabanku, ya buɗe ku karanta, sannan ya nuna muku rahoton SMART na faifan biyu. In ya kasa, ku fitar da kuɗin sabon faifai a ranar.